Thy-1, sammore da tambayar "me zai amfana?"

A 1964, wasu masu bincike biyu a birnin Boston na Amurka, Arnold Reif da Joan Allen, suna neman alamar da za ta bambanta ƙwayoyin sankarar jini da lafiyayyun ƙwayoyi a jikin ɓeraye. Alamar da suka ci karo da ita tana kan ƙwayoyin sankarar, amma kuma tana nan jingim a kan lafiyayyun ƙwayoyin taimus, wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji. Abin da ya fi ɗaure kai, sai ga ta a cikin ƙwaƙwalwa. Suka laƙaba mata harafin Girkanci, teta. Daga baya aka koma ce mata Thy-1, a takardun ɗakin gwaji kuma CD90.

Yau shekara 60 da ɗoriya ke nan. An rubuta dubban maƙaloli a kan wannan furotin, an san tubalan da aka gina shi da su ɗaya bayan ɗaya, an san mazaunin ƙwayar gadonsa a jikin mutum da na ɓera. Amma mene ne ainihin aikinsa a jiki? Har yanzu masana ba su haɗu a kan amsa guda ba. Da wani malamin jami'a a Zariya ko Yamai zai rubuta takardar neman kuɗin bincike, ya ce yana so ya yi shekara goma yana bin diddigin abin da shi kansa bai san amfaninsa ba, da wuya takardar ta tsallake zaman farko. Za a tambaye shi cutar da zai warkar, da kamfanin da zai sayi sakamakon, da yawan matasan da za su sami aiki. Tambayoyi ne na masu hankali a ƙasar da asibitin karkara kan rasa ruwan da za a ƙara wa majinyaci. Sai dai tarihin Thy-1 ya nuna cewa idan aka yi su tun bincike yana jariri, sukan kashe ilimin da magani zai fito daga cikinsa. Tarihin nan kuwa ya ratsa ta garken makiyaya da kurmin ƙudan tsando.

Kowace ƙwayar jiki tana lulluɓe da tantani na maiƙo mai ninki biyu. A jikin tantanin akwai furotin iri-iri, ta hanyarsu ƙwaya ke karɓar saƙo, ta gane maƙwabciyarta, ta shigar da abinci. Yawancinsu sun huda tantanin, rabi a waje rabi a ciki, saboda haka abin da ya taɓa su daga waje nan take labarinsa ke isa ciki. Thy-1 kuwa gaba ɗayansa a waje yake. Abin da ke riƙe da shi wata 'yar igiya ce ta sukari da aka ƙulla a wutsiyarsa, ƙarshenta maiƙo ne da ya nutse a ninkin waje kaɗai. Kamar akuya ce a turke, illa dai shi wannan turken yana iya zamewa ya zagaye filin duka, sannan akwai sinadarin da ke datse igiyar, akuya ta kama gabanta. Masana suna kiran turken GPI. A jikin ɗan Adam furotin wajen 150 ne aka ɗaure haka, kuma sai ƙwayoyin gado fiye da 20 sun haɗa hannu kafin a ƙera turken a ɗaura shi.

An fara cin moriyar Thy-1 tun ba a san ko siffarsa ba. A 1961 Jacques Miller ya nuna cewa taimus, wadda likitoci suka daɗe suna ɗauka ba ta da wani aikin kirki, a cikinta ake horar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Matsalar ita ce, a ƙarƙashin madubin likita duk ƙwayoyin nan kamarsu ɗaya. A 1969 Martin Raff, likitan jijiyoyi ɗan Kanada da ya koma binciken garkuwar jiki a Landan, ya gano cewa teta tana kan ƙwayoyin da suka biyo ta taimus, ba ta kan 'yan'uwansu masu ƙera antibodi, wato makaman da jiki ke harba wa ƙwayar cuta. Daga nan aka sami hanyar ware ƙwayoyin T, na taimus, daga ƙwayoyin B, masu ƙera antibodi, a cire rukuni ɗaya a ga abin da ɗayan zai iya shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti aka ce a je a auna CD4, ya amfana da dabarar da ta samo tushe a irin wannan aiki, ta gane ƙwaya da alamar da ke bayanta.

Wani abin lura a nan, manyan ƙwayoyin T na mutum ba sa ɗauke da Thy-1 yadda na ɓera suke. Mai karanta labarin "an warkar da cuta kaza a jikin ɓera" ya riƙe wannan.

Wanda ya fi kowa naci a kan furotin ɗin shi ne Alan Williams, ɗan Ostireliya da ke aiki a Jami'ar Oxford. Shekaru ya yi yana tace shi daga ƙwaƙwalwar ɓeraye. A 1982 shi da Jean Gagnon suka wallafa jerin tubalansa, amino asid ɗari da 'yan kai, ɗan ƙarami ƙwarai idan aka kwatanta da sauran furotin. Da suka dubi jerin, sai suka ga ya yi kama da ɓangare guda na antibodi. Wato furotin da ke bayan ƙwayar ƙwaƙwalwa da makamin garkuwar jiki kakansu ɗaya. A kan wannan Williams ya gina ra'ayin cewa akwai wani babban dangi na furotin masu wannan siffa, waɗanda aikinsu gane juna a tsakanin ƙwayoyi. Yau an san ɗaruruwan 'yan dangin. CD4 yana ciki. Haka PD-1 da CTLA-4, waɗanda aka gina sababbin magungunan sankara a kansu, har James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a 2018. Williams bai ga wannan ba, ya rasu a 1992 yana da shekara 46.

Amma akwai abin da ya tsaya masa a rai tun a 1982. A wutsiyar Thy-1, inda ya kamata a ga tubalan da ke huda tantani, wani abu ne mai maiƙo wanda ba amino asid ba. A 1985 ɗakin gwajinsa ya nuna cewa haɗin sukari ne da maiƙo, a shekarar kuma Martin Low da Paul Kincade suka nuna wani sinadari daga bakteriya yana datse Thy-1 daga bayan ƙwaya. Cikakken tsarin turken kuwa daga jikin ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa aka fara karanta shi.

Makiyayi ba ya buƙatar a yi masa bayanin sammore. Saniya ta rame, jini ya ƙare, gashi ya tashi, nono ya ƙafe, mai ciki ta yi ɓari. 'Yan'uwan ƙwayar da ke jawo shi, tirifanosoma, su ne ke sa ciwon barci a jikin mutum, inda ake farawa da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga baya ƙwayar ta haye cikin ƙwaƙwalwa ta hargitsa barci da hankali. A shekarun 1930 annobar ciwon barci ta kama ɗaruruwan dubban mutane a arewacin Nijeriya. Ita ce dalilin shirin Anchau a lardin Zazzau, inda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya jagoranci sare kurmin bakin rafuka da sake tsugunar da jama'a, har aka gina sabon gari, Takalafiya. Saboda wannan cuta ta mutum da dabba aka buɗe cibiyar bincike ta Afirka ta Yamma a Kaduna a 1951, da reshe a Vom, wadda bayan samun 'yancin kai ta zama ta Nijeriya.

Me ya sa garkuwar jiki ke kasa gamawa da wannan ƙwaya, alhali a fili take iyo cikin jini? A 1975 George Cross, a Cambridge, ya nuna cewa tirifanosoma tana lulluɓe da riga ta furotin iri ɗaya tak, kwafi wajen miliyan 10 a kan ƙwaya guda, a cunkushe ta yadda antibodi ba ya kaiwa ga abin da ke ƙasa. Jiki yakan ɗauki kwanaki ya ƙera makamin da ya dace da rigar. Kafin ya gama, wasu 'yan tsiraru sun sauya zuwa wata, domin ƙwayar tana da ajiyar ƙwayoyin gado na riga wajen 2,000, cikakku da gutsattsari, tana kuma iya harhaɗa sababbi daga gutsattsarin. Shi ya sa zazzaɓin ke tafiya yana dawowa, shi ya sa kuma har yau babu allurar rigakafin sammore. Kowane ɗaya daga cikin furotin miliyan 10 ɗin nan a turken GPI yake ɗaure.

Yawan nan ne ya zama rahama ga masana sinadarai. Thy-1 sai an tace ƙwaƙwalwar ɓeraye masu ɗimbin yawa kafin a sami ɗan abin aunawa, tirifanosoma kuwa ana kiwonta a jinin ɓera a kwashi turken a wadace. Michael Ferguson ya fara aikin a ɗakin gwajin Cross a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, ya ƙarasa a Oxford tare da Steve Homans da Raymond Dwek. A 1988 suka wallafa cikakken tsarin turken tirifanosoma, karo na farko da aka yi hakan ga kowace irin halitta. A shekarar dai, tare da mutanen Williams, suka fitar da na Thy-1 na ƙwaƙwalwar ɓera. Da aka jera su, ƙashin bayan ginin iri ɗaya ne, bambancin a 'yan rassa yake. Daga baya aka ga haka abin yake a yis, a tsirrai, a ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a jikin mutum.

Akwai wani bincike na 2007 da ya cancanci a tsaya a kansa, na Markus Engstler da abokan aikinsa a Jamus, domin ya nuna abin da turke mai zamewa ke iya yi. Tirifanosoma ba ta daina iyo. Idan antibodi ya manne a rigarta, ƙarfin ruwan da take ratsawa sai ya tura furotin ɗin da aka kama zuwa bayan jikinta, tun da turkensa ba a kafe yake ba. A can baya akwai wani ɗan aljihu, nan take haɗiye shi, ta narkar da antibodin, ta mayar da furotin ɗinta waje fes. Duk wannan cikin ƙanƙanin lokaci. Tun a 2000 kuma masu bincike a Jami'ar Osaka ta Japan, ƙarƙashin Taroh Kinoshita, sun nuna cewa idan aka hana ƙwayar ƙera turken, ba ta rayuwa a jini.

Sanin turken ya warware wata cuta ta mutane da ta daɗe tana ruɗa likitoci. Tun 1882 likitan Jamus Paul Strübing ya bayyana majinyacin da ke tashi da safe da fitsari baƙi-baƙi, jininsa yana narkewa. Cutar, wadda ake taƙaita sunanta PNH, ba a gadonta. A 1993 mutanen Kinoshita suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna PIGA ce ke lalacewa a cikin uwar ƙwayoyin jini a ɓargo, sai duk 'ya'yanta su fito ba turke. Biyu daga cikin furotin ɗin da ake rasawa, CD55 da CD59, su ne ke hana wani sashe na garkuwar jiki huda jajayen ƙwayoyin jinin mai shi. Babu su, jiki ya afka wa jininsa. A 2007 aka amince da maganin ekulizumab a Amurka, wanda ke taka wa wannan sashe birki, ya kuma sauya rayuwar masu cutar. Farashinsa a shekara ya kai dala ɗaruruwan dubbai ga mutum ɗaya, har ya daɗe cikin jerin magunguna mafiya tsada a duniya. Akwai kuma yaran da ake haifa da naƙasu a ƙwayoyin gadon ƙera turken, abin da ke fitowa a matsayin farfaɗiya da jinkirin girman ƙwaƙwalwa. An fara bayyana irin wannan a 2006.

To shi Thy-1 fa, me yake yi a ƙwaƙwalwa, inda yake cikin furotin mafiya yawa a bayan ƙwayoyin jijiya? Roger Morris a Landan ya lura cewa ba ya bayyana a kan zaren jijiya sai zaren ya gama tsiro ya isa inda za shi, abin da ya sa aka yi zaton aikinsa tsayar da tsiron ne da daidaita mahaɗar. A 1992 ɗakin gwajinsa ya nuna cewa Thy-1 yana hana zaren jijiya tsiro a kan wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu siffar tauraro da ke kula da jijiyoyi. A 2001 Lisette Leyton, masaniya 'yar ƙasar Cile, ta gano furotin ɗin da yake kamawa a kan waɗancan ƙwayoyi. Sai dai tun 1996 an samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon Thy-1 gaba ɗaya, kuma suka fito lafiya lau, suna ci suna haihuwa, suna gane hanya a gwajin da ake musu. Naƙasun da aka gani ɗan kaɗan ne, a yadda mahaɗar jijiyoyi ke ƙara ƙarfi a wani lungu na sashen ajiyar tunani. A huhu kuma, James Hagood da abokansa sun ga cewa ƙwayoyin da ke tara tabo a cutar ƙanƙancewar huhu sun rasa Thy-1. Ga shi nan dai, hannunsa a wurare da yawa, babu inda za a nuna a ce nan ne gidansa. Hatta yadda furotin da bai huda tantani ba yake aika saƙo ciki, ana ta muhawara. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne turken yana jan sa zuwa wasu 'yan wurare masu yawan kolestarol a tantanin, inda masu isar da saƙo ke taruwa ta ciki.

Duk da haka ɗakunan gwaji ba su jira an gama muhawarar ba. A 1988 Irving Weissman da mutanensa a Jami'ar Stanford suka yi amfani da Thy-1 tare da wasu alamomi suka ware uwar ƙwayoyin jini daga ɓargon ɓera, a 1992 kuma aka yi makamancin haka a mutum. Ita ce ƙwayar da ke yin ainihin aikin idan aka yi wa mai sikila dashen ɓargo, irin wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A 1988 ɗin dai Ben Barres ya yi amfani da shi wajen tace ƙwayoyin jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, waɗanda hawan jinin ido ke kashewa. Sai kuma makunnin ƙwayar gadon, wato ɓangaren da ke umartar ta ta yi aiki a jijiya. Masana suka ciro shi suka riƙa ɗaura masa abin da suke so. A 2000 Guoping Feng da Joshua Sanes suka samar da ɓeraye masu jijiyoyin da ke haske, ta yadda za a kalli zare guda yana sauyawa a cikin dabba mai rai. A 2007 a Jami'ar Harvard aka samar da wasu waɗanda kowace jijiya da launinta. Ɗaya daga cikin nau'o'in ɓerayen da aka fi gwada magungunan cutar mantuwa ta Alzheimer a kansu, wanda aka bayyana a 2006, da wannan makunni aka ƙera shi.

Mai ja da ra'ayin kashe kuɗi a kan irin wannan bincike yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Shekara kusan 40 bayan karanta turken, babu maganin sammore ko ɗaya a kasuwa da ya fito daga wannan ilimi. Makiyayi har yau Berenil da Samorin yake nema, magungunan da aka fitar tun shekarun 1950 da farkon 1960, ƙwayar kuma tana ƙara bijire musu. Ciwon barci ya ragu ainun, daga mutum kusan 40,000 da aka ba da rahoto a 1998 zuwa ƙasa da 1,000 a shekara tun 2018, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Gana a 2023 da Cadi a 2024 cewa ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a. Amma abin da ya kawo wannan shi ne bin ƙauyuka ana gwaji, da tarkon ƙuda, da magunguna irin su feksinidazol da ake haɗiya, wanda ba ruwansa da GPI. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta sa cikin jerin alluran yara a Janairun 2024, Nijeriya kuma ta fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar shekarar, an gina ta ne a kan furotin mai irin wannan turke, amma jikin furotin ɗin aka ɗauka aka bar turken. Don haka mai cewa a bar wa ƙasashe masu kuɗi binciken da ba a san ranar amfaninsa ba, a sayi sakamakon idan ya nuna, ba wauta yake faɗa ba.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne zaton cewa sakamakon zai zo a farashin da za a iya saye, kuma zai amsa tambayar da ta dami mai sayen. Labarin PNH ya nuna abin da ke faruwa da farashi. Game da tambaya kuwa, wanda ya mallaki ɗakin gwaji shi ke zaɓen abin da za a bincika. Yawancin abin da aka sani game da rigar tirifanosoma daga nau'in da ya fi sauƙin kiwo a ɗakin gwaji aka same shi, alhali nau'o'in da suka fi kashe shanu a Afirka ta Yamma wasu biyu ne daban, kuma an fi barin su a baya. Ba mugunta ta jawo haka ba, kowa abin da ke gabansa yake dubawa.

Kuma ilimin tushe yana haifar da wani abin da ba ya fitowa a takardar sakamako, wato mutanen da suka iya aikin. Ferguson ya koma Jami'ar Dundee ta Sikotland a 1988. A 2006 shi da Alan Fairlamb suka kafa sashen neman magunguna a jami'ar, wanda ya mayar da hankali ga cututtukan ƙasashe masu zafi. A 2015 sashen ya wallafa wani sabon sinadarin kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga gwaji a jikin mutane. Sinadarin ba ya taɓa GPI ko kaɗan, amma sashen da ya fitar da shi mutanen da suka yi shekaru suna tambayoyin da ba a ga ribarsu a lokacin ba ne suka gina shi.

Nijeriya ta taɓa ɗanɗana irin wannan. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekaru yana nazarin wani sinadari na tirifanosoma da ke yanke sukarin da ke bayan jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke da hannu a ƙarancin jinin da sammore ke jawowa. Aikin ya ba shi kyautar kimiyya ta Nijeriya da kamfanin NLNG ke ɗaukar nauyi a 2009, ya kuma taimaka wajen kawo wa Zariya cibiyar nazarin cututtukan da aka yi watsi da su da tallafin Bankin Duniya. Ya rasu a 2017 yana kwamishinan ilimi na Jihar Kaduna. A Damaturu, cibiyar binciken da Dokta Mahmoud Bukar Maina ya assasa a Jami'ar Jihar Yobe a 2021 tana horar da matasa a kan ƙwayoyin jiki da ƙwaƙwalwa. Nazarin da Maina ya jagoranta a shekarar, kan maƙalolin kimiyyar ƙwaƙwalwa na shekara 20 daga Afirka, ya nuna ƙarancin amfani da dabbobin da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wato irin ɓerayen nan na Thy-1 da ɗaliban wasu ƙasashe suka ɗauka kayan aikin yau da kullum. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a bincike. Alƙaluman da ake da su na Nijeriya ba su kai rabin haka ba.

Abin da ya kamata a yi bai fi ƙarfin aljihu ba. Asusun TETFund na manyan makarantun Nijeriya yana da sashen tallafa wa bincike. A ware wani kaso nasa, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, ga tambayoyin tushe, a ba masu binciken shekara biyar zuwa bakwai, a auna su da ingancin aikin da ɗaliban da aka yaye, a daina tambayarsu haja a ƙarshen shekara ta biyu. A tara manyan na'urori a 'yan cibiyoyi kaɗan masu wutar da ba ta yankewa, kowace jami'a ta aika samfurinta, domin firizar da ta narke sau ɗaya ta kashe aikin shekara uku. Na'urar da ke ƙirga CD4 a asibitocin koyarwa ajinta ɗaya da wadda ake gano PNH da ita da wadda ake ware ƙwayoyi masu CD90. Sau da yawa abin da ya rage shi ne sinadaran gwaji da wanda ya san abin da zai tambaya. Mai fitsari baƙi da ƙarancin jini a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu yana iya shan maganin zazzaɓi shekara da shekaru kafin wani ya yi tunanin wata cutar.

Akwai kuma wani ɗan'uwan Thy-1 da ya matso kusa da gida. A 1987 ɗakin gwajin Stanley Prusiner ya nuna cewa furotin ɗin firayon, wanda yake da yawa a ƙwaƙwalwa, ana kuma samun sa a ƙwayoyin garkuwa, shi ma a turken GPI yake. Idan ya lanƙwashe ba daidai ba, sai ya riƙa tilasta wa 'yan'uwansa su lanƙwashe kamarsa, ƙwaƙwalwa ta huhhuje. Shi ne sanadin haukan shanu da aka gano a Birtaniya a 1986, wanda ya kama shanu fiye da 180,000, ya sa aka hallaka miliyoyi, ya kuma kashe mutum 178 a ƙasar. A 2005 Bruce Chesebro a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da firayon ɗinsu ba shi da turke suna tara gurɓataccen furotin ɗin a ƙwaƙwalwa ba tare da sun nuna alamomin cutar yadda aka saba ba, wato turken yana da hannu a ɓarnar.

A 2018 aka wallafa rahoton wata sabuwar cutar firayon a jikin raƙuma, daga mayankar garin Wargla a Saharar Aljeriya. Kimanin kashi 3 cikin 100 na raƙuman da aka kai yanka a 2015 da 2016 sun nuna alamomi irin su rama, rawar jiki, tangaɗi da faɗuwa. An sami gurɓataccen furotin ɗin har a kaluluwar dabbobin, abin da ke nuna yana iya yaɗuwa a tsakaninsu, daga baya kuma aka ga cutar a Tunisiya. Babu hujjar cewa ta taɓa kama mutum. Amma raƙumi ba ya sanin iyakar ƙasa, kuma ana cin namansa daga Agadas har Kano da Maiduguri. Likitan dabbobi Baaissa Babelhadj ne ya lura da alamomin a mayankar, samfurin ƙwaƙwalwar kuma sai da aka kai shi cibiyar lafiya ta ƙasar Italiya a birnin Rum kafin a tabbatar. Hukumomin lafiyar dabbobi na Nijeriya da Nijar suna da dalilin da zai sa su fara ɗibar samfuri a manyan mayankun raƙuma, su kuma tanadi ɗakin gwaji, a Vom ko Zariya ko Yamai, da zai iya karanta shi.